Silambulok: na roba ko na foliyuretan?

Silambulok, wanda makanikan Najeriya ke kira bushin, shi ne robar da ke tsakanin ƙarafan ƙafar mota, mai shanye girgiza. Zafi, baƙin mai da gargadar hanyoyinmu na Magarya da Dungas ke tsattsaga shi. Daga nan sai ƙwanƙwasa, sitiyari na rawa, taya na cinyewa gefe guda.

Na foliyuretan ya fi tauri da ƙarko, amma fasinja zai ji kowane rami, kuma in ba giris ɗin silikon, sai ƙara. Ƴan uwa masu aikowa daga waje, ku tambayi samfurin motar da shekararta.

Masu canzawa a gida, muna roƙo: kar a shiga ƙarƙashin mota bisa jak kaɗai, balle cikin rairayi. A tokare da kututture. In an gama, a kai garaji a daidaita tayu.