Yadda iPod ta tona asirinta da ƙyas-ƙyas

A aljihun teburina na shagon gyaran waya akwai wata tsohuwar iPod fara, ƙirar 2004, da na saya a gwanjo. Yaran shago tarkace suke ce mata. Ni kuwa labarinta ne ya hana ni yar da ita.

A watan Oktoban 2001 Apple ya fito da iPod ta farko, mai ɗaukar gigabait 5 na waƙoƙi. Ƙwaƙwalwarta, PP5002, kamfanin PortalPlayer ne ya ƙera, kuma bai saki takardun bayaninta ga jama'a ba. Duk mai gyara ya san wannan ciwon: a miƙo maka allon waya ba taswira, a ce ka gano inda wuta ke bi.

A haka wani mai suna Bernard Leach ya sa Linux ta tashi a kan iPod a 2003, aikin da aka sani da iPodLinux. Ba Linux ta kwamfutar tebur ba, wata 'yar ƙarama ce, uClinux, domin ƙwaƙwalwar ba ta da sashen da ke keɓe wa kowace manhaja gurbinta a ma'ajiya. To amma tashi daban, aiki daban. Allon rubutu, da'irar da ake murzawa da yatsa, faifan ajiya, kafar FireWire, guntun sauti na kamfanin Wolfson, kowanne sai an rubuta masa direbansa. Ba direban mota ba, wato 'yar manhajar da ke yin tafinta tsakanin Linux da ƙarfen. Ba takarda, sai lalube: a aika lamba wani gurbi, a zuba ido a ga abin da zai motsa.

Da iPod ta ƙarni na huɗu ta fito a 2004 da sabuwar ƙwaƙwalwa, PP5020, sai aiki ya koma baya. Amsar tana cikin manhajar da ke tayar da na'urar, kilobait 64 kacal, amma ba ƙofar da za a fito da ita. A nan wani matashi Bajamushe, Nils Schneider, ya yi abin da har yau nake jinjina masa. Abin da ya iya sarrafawa a jikin na'urar shi ne ɗan ƙarfen nan da ke yin ƙyas-ƙyas idan ana murza da'ira. Sai ya sa iPod ɗin ta karanto manhajar da wannan ƙara, sifili da sautinsa, ɗaya da nasa. Ya rufe ta a akwatin da hayaniya ba ta shiga, ya ajiye makirfo, ya naɗi ƙarar sama da sa'o'i 20, sannan ya mayar da ita lambobi a kwamfuta. Farkon 2005 ke nan. Daga nan abokan aikinsa suka ga yadda Apple ke magana da sassan, ba a daɗe ba allo ya haska.

Sai dai a faɗi gaskiya, Linux ba ta taɓa zama abin jin waƙa mai daɗi a iPod ba. Batir yana saurin ƙarewa, don ba a gama gane yadda ake kwantar da sassa su huta ba. An dai buga wasan Doom a kanta, an yi dariya. Waɗanda suka ci moriyar wahalar su ne 'yan Rockbox, manhajar da wasu 'yan Suwidin suka fara don na'urorin jin waƙa na kamfanin Archos; ita ba Linux ba ce. Da ilimin nan suka shiga iPod.

A 2006 Apple ya koma ƙwaƙwalwar Samsung a iPod nano ta biyu, ya kuma kulle manhajarta da lambobin sirri. Daga nan aikin iPodLinux ya fara sanyi. Tawa iPod ɗin dai batirinta ya mutu tuni, amma in an jona ta da caja aka murza da'irar, tana ƙyas-ƙyas ɗin har yanzu.