Gishirin Gasa Nama a Ƙasar Adar: Tarihinsa da Sunayensa

Garin Tamaske yana cikin ƙasar Adar, a kan hanyar da ta tashi daga Tawa zuwa Keita, kuma tun da daɗewa an san mutanensa da fatauci da tafiya ci-rani. Manufar wannan maƙala ita ce bin diddigin wani abu da ake gani kullum a kasuwarsa da kasuwannin Buza da Madawa, wato gishiri mai tsakuwa wanda mahauta kan barbaɗa wa nama in za su gasa shi. Za a duba inda irin wannan gishiri yake fitowa a da, da waɗanda suke kawo shi, da dalilin da ya sa ake fifita wani iri a kan wani, sa'an nan a dubi abin da ya sami sunayensa bayan da hanyoyin ciniki suka sauya.

Abu na farko da ya kamata a lura da shi shi ne, Adar ƙasa ce ta duwatsu da kwaruruka, mai gero da dawa da albasa da dabbobi, amma ba ta da wata mahaƙar gishiri da ta yi suna. Saboda haka gishirin da ya shiga tukunya ko ya hau nama a Tamaske baƙo ne, ya sha tafiya kafin ya iso, kuma tsadarsa ko araharsa ta danganta ga zaman lafiyar hanya da ƙarfin waɗanda suke riƙe da ita.

Mahaƙun gishiri da masu ɗauko shi

Mahaƙar da ta fi kowace suna ita ce ta Bilma a ƙasar Kawar, wadda ke da nisan kimanin kilomita 600 gabas da Agadas, tare da ta Fachi da ke kan hanya. A can Barebari suke haƙa ramuka, ruwan gishiri ya tsattsafo ya cika su, zafin rana ya ƙone ruwan ya bar gishiri. Iri biyu ne manya suke fitowa daga waɗannan ramuka. Na farko shi ne beza, wato ƙwayoyin gishiri farare masu tsabta, waɗanda ake tsincewa a keɓe don abincin mutane. Na biyu shi ne kantu, wanda ake kwaɓa gishiri iri-iri da ɗan laka, a zuba a cikin mazubi na kututturen dabino, a kife shi ya bushe ya zama dogon curi mai nauyin kilo 20 ko fiye. Kantu yana jure ɗauri da jijjigar raƙumi, kuma galibinsa dabbobi ake ba wa su lasa, ko da yake talaka kan fasa shi ya daka ya zuba a miya in beza ta fi ƙarfin aljihunsa.

Ayarin da ke ɗauko wannan kaya yakan tashi daga Abzin da kaka, ya ratsa hamadar Tenere da gero da sauran kayan masarufi, ya komo da gishiri da dabino. Bature matafiyi Heinrich Barth ya biyo irin wannan ayari na Kel Ewey daga Abzin a watan Disamba na 1850, ya iso Damargu a farkon 1851. Sai dai shi wannan ayari Kano ya nufa. Gishirin da ya shafi Adar yana hannun wasu Abzinawan dabam, wato Kel Geres, waɗanda suka baro Abzin a ƙarni na 18 suka zauna a kudancin Adar da Gobir Tudu, a yankin da yanzu yake ƙarƙashin Madawa. Su ne suke kai raƙumansu Bilma su sauko da gishiri zuwa Adar da Gobir, har Sakkwato bayan kafuwarta. Dangantakar Adar da Abzin kuwa ta riga wannan, domin tun 1674 Agabba, ɗan Sarkin Agadas Muhammadu al-Mubarak, ya ci ƙasar ya raba ta da ikon Kabi, kuma daga gare shi ne gidan sarautar Adar ya samo asali. Djibo Hamani ya yi bayanin wannan zamani filla-filla a littafinsa na tarihin Adar kafin zuwan Turawa, wanda aka buga a 1975.

Mahaƙa ta biyu ta fi Bilma kusa da Adar, ita ce Tagidda-n-Tesemt, arewa da Ingal. Kalmar tesemt a harshen Abzinawa gishiri take nufi. A nan ana jiƙa ƙasa mai gishiri da ruwan rijiya mai zartsi, a tace, a zuba a cikin ƙananan gurabe masu yawan gaske ya bushe. Gishirin yakan fito da launi ja-ja saboda laka, kuma makiyaya sun fi kowa sonsa. Daga kudu maso yamma kuma akwai gishirin Foga, na kwarin Dallol Foga wajen Gaya, wanda ake tace ƙasa a dafa ruwanta a wuta har ya daskare. Can gabas, a ƙasar Manga, ana yin manda da mangul, kuma daga wannan ɓangare ne yawancin kanwa take fitowa.

Dalilin zaɓe

Mai miya da mai gashi ba buƙatarsu ɗaya ba. A cikin miya gishiri narkewa yake yi, ƙasar da ke cikinsa ta kwanta a gindin tukunya, ɗacinsa kuma ya ɓuya a bayan daddawa da barkono. A kan balangu kuwa babu inda aibin gishiri zai ɓuya. Abin da aka barbaɗa shi ne zai fara taɓa harshe, in da yashi a ciki haƙori zai ji shi. Wannan shi ne dalili na farko da ya sa beza ta fi kantu da jan gishirin Tagidda dacewa da nama.

Dalili na biyu yana cikin sinadaran da kowane iri ya ƙunsa. Paul Lovejoy, a littafinsa na tarihin gishiri a tsakiyar Sudan wanda ya fito a 1986, ya nuna cewa yawancin abin da ake kira gishiri a wannan yanki gauraye ne. Ban da gishirin ci na ainihi, wanda masana kimiyya ke kira sodiyam kuloraid, akwai sodiyam kabonet, wato sinadarin kanwa, da sodiyam salfet. Na ƙarshen nan yana da ɗaci, kuma yana sa gudawa in ya yi yawa. Kanwa ita kuma tana tausasa nama, tana sa shi saurin yin duhu a wuta, amma takan bar wani ɗanɗano mai kama da na sabulu. Shi ya sa uwargida take jefa kanwa a wake ko a miyar kuɓewa da gangan, alhali mai tukuba yana gudunta. Manda, da yake irin wannan gauraye ne, ya fi amfani a tukunya da wajen dabbobi.

Dalili na uku shi ne girman ƙwaya. Gishiri mai tsakuwa ba ya narkewa nan take. Yakan zauna a kan tsoka ya jawo ruwanta waje sannu a hankali, ruwan ya narkar da shi, sa'an nan wani sashe ya koma cikin naman. In an ba shi lokaci kafin a ɗora a wuta, bayan naman yakan tsane ya gasu da kyau. Har ila yau, mahauci da yatsu yake awo, ba da ma'auni ba. Ƙwaya mai girma ido yana ganin inda ta faɗa, hannu kuma ya san yawan da ya ɗiba, amma garin gishiri yakan cushe, tsunkule ɗaya nasa ya fi na mai tsakuwa nauyi, ya manne wuri guda ya yi yawa. Ga kuma damina, lokacin da gari ke jan raɓa ya dunƙule tun ba a taɓa shi ba. Hausawa sun san wannan rauni na gishiri, shi ya sa suke cewa yana yi wa man kaɗe dariyar rana, ran da ruwa ya zo shi ne zai ji kunya.

Amma kada a ɗauka cewa kowane gashi mai tsakuwa yake so. Tsire da kilishi dakakken gishiri suke buƙata. Shi tsire ana tsoma shi ne a cikin garin ƙuli-ƙuli da yaji, in gishirin bai daku ba ba zai gauraya ba. Kilishi kuwa, wanda Madawa ta yi suna da shi a duk faɗin Nijar, ana feɗe naman ne sirara a shanya, a tsoma a cikin kwaɓin tunkuza da kayan yaji, a sake shanyawa kafin a nuna masa wuta, kuma gishirinsa a cikin kwaɓin yake narkewa. A nan tsabtar gishiri ita ce abin nema, girman ƙwayarsa ba ya ƙara kome. Kilishin Nijar ya sami rajistar alamar asali a hukumar OAPI a 2021, tare da albasar Galmi.

Sauyin zamani

Zuwan Faransawa ya girgiza wannan ciniki daga tushensa. A 1901 suka yaƙi Kel Geres a Zangebe da Galma suka karya ƙarfinsu, a 1906 kuma suka kafa sansani a Bilma. Iyakar da suka shata tsakaninsu da Ingilishi a 1898, wadda aka yi wa gyara a 1904 da 1906, ta raba Adar da babbar kasuwarta ta Sakkwato. Duk da haka ayari bai mutu nan da nan ba, domin rahotannin Faransawa na farkon ƙarni na 20 sun ambaci wanda ya kai raƙuma kimanin 20,000. Abin da ya fi yi masa illa shi ne yaƙin Kawusan na 1916 zuwa 1917 da ramuwar gayyar da ta biyo baya, inda aka yi hasarar raƙuma masu ɗimbin yawa. Ana cikin haka jirgin ƙasa ya riga ya iso Kano tun 1911, gishirin teku na kamfanonin Turawa ya shigo da araha, fari ƙal, babu ƙasa a ciki. Fari na 1968 zuwa 1974 da na 1984 suka sake cinye garken Abzinawa, motoci kuma suka karɓi wani kaso na jigilar.

Sakamakon wannan shi ne, gishiri mai tsakuwa da ya cika kasuwannin Nijar a ƙarshen ƙarni na 20 yawancinsa na buhu ne, daga ƙasashe irin su Gana da Senegal da Aljeriya. Kantu ya ci gaba da samun masu saye, domin makiyayi bai yarda akwai abin da ya kai shi gyara dabba ba. Beza ce ta fi shan kaye, tun da aikin da take yi a kan nama gishirin teku yana yin sa a kan kuɗi kaɗan.

Sa'an nan wata magana ta shigo wadda magabata ba su san da ita ba, ita ce ta sinadarin aidin. Rashinsa a jiki yana kawo maƙoƙo, yana kuma tauye ƙwaƙwalwar yaro tun yana ciki, ƙasashen da ke nesa da teku kuwa sun fi fama da wannan. A 1994 hukumomin WHO da UNICEF suka ba da shawarar a riƙa zuba aidin a duk gishirin ci, Nijar kuma ta kafa dokar haka a tsakiyar shekarun 1990. Gishirin gargajiya na hamada ba a zuba masa aidin a mahaƙa, shi kuma na buhu da ake aunawa a buɗe cikin rana da iska yana iya rasa wani abu daga wanda aka zuba masa. Wannan bai zama hujjar hana mahauci gishirinsa mai tsakuwa ba, domin ana iya zuba aidin a mai tsakuwa kamar yadda ake zuba shi a gari, kuma ɗan abin da ake zubawa ba ya sauya ɗanɗanon nama. Inda maganar ta fi nauyi shi ne tukunyar gida, wadda yara da mata masu ciki suke ci daga cikinta kullum, ba balangun ranar kasuwa ba.

Abin da ya rage a harshe

Ga mai nazarin harshe, sunayen sun fi kayan tsawon rai. Kalmar balma, da ake kiran wani irin gishiri da ita, sunan garin Bilma ne ya zauna a bakin Hausawa, kamar yadda foga ta ɗauki sunan kwarinta. Gallo shi ne gishirin dutse da ke zuwa daga wajen Tambutu, wanda yanzu an fi neman sa a wurin masu kayan magani. Kakanda kuwa sunan mutanen bakin Kwara ne, waɗanda gishirin teku yake biyowa ta hannunsu zuwa arewa kafin a shimfiɗa hanyar jirgi. Kantu ita ce ta fi yin nisa da asalinta. Da sukari ya zo a dunƙule sai aka kira shi kantun sukari, daga baya kuma aka ba alewar riɗi wannan suna saboda ita ma curi ce mai tauri da ake ɓantara, har ya zama yaro a birni in ya ji an ce kantu, zaƙi yake tsammani.