Awa nawa doka ta amince ma'aikatan asibiti da na gidajen gyaran hali su yi aiki?

A ƙa'idar aikin Gwamnatin Tarayya, ma'aikacin ofis yana fara aiki ne da ƙarfe 8 na safe ya tashi da ƙarfe 4 na yamma, daga Litinin zuwa Juma'a, wato awa 40 a mako. Sai dai asibiti da gidan gyaran hali ba a rufe su dare da rana, shi ya sa ma'aikatansu ke aikin karɓa-karɓa.

Mazauna mazaɓar Ajiya da sauran sassan Jimeta da Yola sun san wannan tsari a Asibitin Ƙwararru na jihar Adamawa da Asibitin Koyarwa na Jami'ar Modibbo Adama, inda ma'aikatan jinya ke raba aiki zuwa na safe da na rana da na dare.

Sashe na 13 na Dokar Ƙwadago bai yanke adadin awoyi ba. Ya bar batun ga yarjejeniya tsakanin ma'aikaci da wanda ya ɗauke shi aiki, ko tsakanin ƙungiyar ƙwadago da hukuma. Amma ya wajabta hutun aƙalla awa ɗaya ga wanda zai yi aikin awa shida ko fiye, da hutun awa 24 a jere cikin kowane kwana bakwai.

Giɓin yana cikin sashe na 91, wanda ya cire masu aikin gudanarwa da ƙwararru daga ma'anar "ma'aikaci". Saboda haka likitoci sun fi dogara da tsarin albashinsu na CONMESS, wanda ya tanadi alawus na zaman ko-ta-kwana, yayin da CONHESS ya tanadar wa ma'aikatan jinya alawus na aikin karɓa-karɓa. Alawus kuwa biyan wahala ne, ba ya rage tsawon aikin. Wannan ne ya sa Ƙungiyar Likitoci Masu Neman Ƙwarewa, NARD, ta umarci mambobinta su daina aikin da ya wuce awa 24 a jere daga ranar 1 ga Oktoba, 2025.

Jami'an gidajen gyaran hali na Yola da Jimeta kuma suna ƙarƙashin hukumar tarayya da dokar 2019 ta sauya wa suna daga Hukumar Gidajen Yari. Dokar Ƙungiyoyin Ƙwadago ta hana su kafa ƙungiya, don haka hukumar ce ke tsara jadawalin aikinsu, ƙorafi kuma sai ta hannun na gaba da su.

A duniya, yarjejeniyar farko ta Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya a 1919 ta ƙayyade awa 8 a rana da 48 a mako ga masana'antu. Tarayyar Turai ta ɗaura likitocinta a kan matsakaicin awa 48 a mako, da hutun awa 11 kowace rana, domin gajiyar likita haɗari ce ga majinyaci.