Bazara a Kwarin Rima: Tarihin Gona da Kiwo a Ƙasar Wurno

Abin da nake so mu duba yau shi ne wata tsohuwar tambaya da ta daɗe tana damun mutanen Wurno da Rabah da Goronyo, watau me dabba za ta ci a bazara? Bazara ita ce lokacin da ciyawar tudu ta ƙare, karan gona ya ƙare, ruwan shuka kuwa bai sauka ba. Manomi yana sharar gona yana kai taki, makiyayi yana duban gabas. Kowace shekara a nan ake gane wanda ya yi tanadi.

Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya mai da Wurno ribaɗi, ya zauna a cikinta har rasuwarsa a 1837, kuma a nan kabarinsa yake. Ribaɗi kuwa ba ya tsayuwa sai da abinci da dawaki. Saboda haka Bello ya ja hankalin Fulani makiyaya su zauna wuri guda, su kama noma, su riƙa kiwon dawaki da raƙuma da awaki da tumaki. Wannan shawara tana da nauyi ga zancenmu. Saniya tana iya bin ciyawa duk inda take, amma dokin yaƙi a turke yake kwana, sai an kawo masa. Ashe ke nan harawar wake da dusa da karan dawa sun zama wani ɓangare na tsaron ƙasa. Har zamanin Aliyu Babba Wurno tana nan mazaunin Sarkin Musulmi, a nan ne ma matafiyin nan Bajamushe, Barth, ya zauna a bazarar 1853.

Tsarin da aka gada ƙafa biyu gare shi, tudu da fadama. Da kaka, bayan an girbe gero da dawa, manomi yakan bar shanu su shiga gonarsa su ci kara, su bar masa taki. Harawa kuma a ɗaure ta a ɗora bisa itace ko rufin ɗaki. In rani ya yi nisa, sai garke ya gangara fadamar Rima, inda ambaliya ta janye ta bar ɗanyar ciyawa. Gawo, wanda ke fid da ganye da rani, shi ke cike giɓin da 'ya'yansa.

Farin 1972 zuwa 1974 ya nuna iyakar wannan tsari, gama dabbobi masu yawa sun hallaka. Daga nan hukuma ta ƙara ba da ƙarfi ga madatsun ruwa. An kammala ta Bakolori a kan Gulbin Sakkwato a 1978, ta Goronyo kuma a kan Gulbin Rima a 1984. Noman rani ya bunƙasa: shinkafa da albasa da tafarnuwa sun kawo arziki. Amma fadamar da dā take mafakar garke da bazara, yanzu shuke take a daidai wannan lokaci. Ga yawan jama'a ya sa gonaki sun ci burtali, ko da yake tun 1965 gwamnatin Jihar Arewa ta yi dokar keɓe makiyaya.

Darasin a fili yake. Magabata ba su taɓa lissafin gona su manta da dabba ba. Duk ma'aikacin da aka ba tsara noman rani, wajibi ne ya sa burtali da mashaya cikin taswirarsa, ya kuma lissafa harawa da bambaron shinkafa cikin amfanin gona. In ba haka ba, abin da aka kasa tsarawa a ofis, alƙali ne zai yi ta fama da shi kowace bazara.