Daga Wuri Zuwa Murfin Kwalba: Tarihin Adon Iyayenmu Mata

'Yan'uwa mazauna Ogba da Agege, duk wanda kasuwa ke kai shi Ikeja ko Lekki ya ga wani yayi a shagunan kayan ado: 'yan kunne na ƙyallen atamfa, sarƙa ta murfin kwalba, awarwaro na wayar lantarki. Farashi kuwa sai wane da wane. Masu yi suna ce masa sabuwar fasaha. To, mu da muka tarar da kakanninmu mata, mun san ba yau aka fara ba.

Mu fara da wuri. Littafin tarihin Kano ya nuna a zamanin Sarki Muhammadu Sharefa, wanda ya yi mulki daga 1703 zuwa 1731, wuri ya shigo ƙasar Hausa. Ƙwanson wata 'yar halittar teku ne, ana kwaso shi daga tsibiran Maldibis a tekun Indiya. Kuɗi ne, amma da Turawa suka kashe cinikinsa bai tafi juji ba, sai ya koma kitson mata da wuyan yara da jikin ƙwarya.

Wanda ya fi shi daraja shi ne liyari, wato kuɗin azurfar nan mai hoton Sarauniya Mariya Tereza ta Ostiriya. Abin mamaki, kowanne ka ɗauka 1780 za ka gani a jikinsa, shekarar da ta rasu, ko da an buga shi shekara ɗari bayan nan. Nauyinsa giram 28 ne, fiye da kashi 80 cikin ɗari azurfa. Shi ya sa maƙeran fari na Kano da Katsina da Agadas suka ƙaunace shi: ba sai an gwada ba, an san abin da ke ciki. Su narkar da shi su ja waya, su yi zobe da munduwa da 'yan kunne. Wani kuma a sa masa kunne kawai a rataya shi yadda yake. Mace mai liyari goma a wuya ba kwalliya kaɗai ta yi ba, bankinta ne take yawo da shi. Ranar da fari ya zo, ko aurar da 'ya, sai ta ciro ɗaya.

Talaka ma ba a bar shi a baya ba. A 1907 Turawan Ingila suka bugo anini, kashi ɗaya cikin goma na kwabo, da huji a tsakiya da rubutun Larabci. Na farkon na goran ruwa ne, bai yi ƙarko ba, aka canja ƙarfen a 1908. Sun yi hujin ne don a zura kuɗi a igiya. Matan Fulani da 'yan matanmu suka zura shi a gashi. Har bayan zuwan naira a 1973 ana ganin kwabo mai huji a kitso.

Da jirgin ƙasa ya haɗa Legas da Kano a 1911, fataken goro suka yi ta sauka Zangon Agege, kayan ado ma suka riƙa bin hanya sama da ƙasa. Yarabawa na da lagidigba, baƙar tsakiyar ƙugu da ake fafewa daga ƙwanson kwakwar manja, abin da ake zubarwa bayan an matse mai. Mu kuma jigida, wadda daga baya aka koma yin ta da roba, har Ibo suka ari sunan. Amma gwanayen wannan aiki, a ganinmu, Nufawan unguwar Masaga ne a Bida. Fasasshiyar kwalba suke narkarwa a tanderu, su nannaɗa ta a tsinken ƙarfe ta zama dutsen wuya ko awarwaro, launin kwalbar shi ne launin kayan. Fatakenmu ne suka riƙa kai su kasuwanni.

To, ga inda gizo ke saƙa. Su wa ke tsintar kwalba da waya da goran ruwa a Legas yau? Galibi 'ya'yanmu ne, 'yan gwangwan, suna tura kura a rana, su sayar a kilo. Wani ya saya, ya lanƙwasa, ya goge, ya sa a gilashi, ya ci ribar. Ba hassada muke yi ba, Allah Ya ƙara musu kasuwa. Sai dai wahalar tamu ce, sana'ar ma ta gidanmu ce, amma yaro nawa muka kai wurin maƙeri ya koya?

Na biyu ya fi ciwo. In tsohuwa ta rasu aka zo rabon gado, sai a kwashi munduwa da liyari a kai ma'auni a narkar, don kuɗi sun fi sauƙin rabawa. Haƙƙin magada ne, ba mu ja ba. Amma ana iya yi wa kayan ƙima, ɗaya daga cikin magada ya biya sauran ya riƙe. In kuwa sayarwar ta zama dole, muna roƙo a fara kawo su ofishin ƙungiya a ɗauki hoto, a rubuta sunan mai su da garin da aka ƙera su.