Hanyar Oregon: tafarkin masu ƙaura zuwa yammacin Amurka

Hanyar Oregon doguwar turba ce mai tsawon kusan kilomita 3,500, wadda ta taso daga garin Independence na jihar Misuri ta dangana da kwarin Willamette a Oregon. A 1843 ne babban ayari na farko, mai mutane kusan 1,000, ya bi ta da kekunan shanu masu rumfa.

Ana tashi ne a watan Afrilu ko Mayu, lokacin da ciyawa ta tsiro har dabbobi za su samu abin kiwo. Tafiyar kan ɗauki wata huɗu zuwa shida, kuma wanda ya makara sai ƙanƙara ta rutsa da shi a duwatsu, kamar yadda ta faru da ayarin Donner a 1846. Saɓanin abin da finafinai ke nunawa, cutar kwalara da haɗurra sun fi farmakin ƴan asalin ƙasar hallaka matafiya.

Filin noma ne ya ja yawancinsu: dokar 1850 ta ba ma'aurata da suka riga suka zauna a Oregon har eka 640 kyauta. Wasu kuwa suka ratse zuwa Kalifoniya bayan gano zinariya a 1848. Ƴan asalin yankin ne suka ɗanɗana kuɗarsu, domin an ƙwace musu filaye, ga cututtukan da baƙi suka kawo.

Da aka kammala layin dogo mai ratsa ƙasar a 1869, sai turbar ta fara mutuwa.