Robar da ke raba eriya da jikin mota: wace iri ce ke jurewa?

Duk wanda ya taɓa lura da motocin ƙungiyoyin agaji masu bin hanyar Agadas ko Diffa ya san doguwar eriyar nan mai kaurin gindi da ake kafawa a gaban Land Cruiser. Ta rediyon gajeren zango ce, sau da yawa ƙirar kamfanin Codan na Ostareliya. Akwai kuma mutane a faɗin duniya da ke ɗaura irinta a motocinsu ba don aiki ba, sai don sha'awa. Su ne ƴan rediyon sha'awa, masu lasisin yin magana da junansu a zangunan da aka keɓe musu. An kafa ƙungiyarsu ta duniya, IARU, a birnin Paris a 1925, kuma kowace ƙasa tana da alamar kiranta: 5U ta Nijar, 5N ta Najeriya, TT ta Chadi. A Nijar hukumar ARCEP ce ke kula da zangunan sadarwa, kuma ba a watsa sigina sai da izini.

Yawancin ƴan sha'awar nan da hannunsu suke haɗa mazaunin eriya, wato ƙarfen da ke riƙe ta a jikin mota. A cikin mazaunin akwai wata ƴar roba, wani lokaci faɗinta bai wuce na kwabon dala ashirin ba, wadda in ta lalace, rediyo mai tsada ya zama kurma kuma bebe. Ita ce makari.

Aikin makari

Wayar da ke tashi daga rediyo zuwa eriya, wadda ake kira kowaksiyal, tana da hanya biyu: zaren tsakiya da ragar da ta kewaye shi. Zaren tsakiya yana haɗuwa da sandar eriya. Ragar kuwa tana haɗuwa da ƙarfen mota, domin jikin motar shi ne rabin eriyar na biyu. Hanyoyin nan biyu ba za su taɓa juna ba. Sai dai sandar mai noti da ke ɗauke da eriya dole ta ratsa ta cikin ƙarfen mazaunin, wanda shi kuma yake manne da mota. Makari shi ke shiga tsakaninsu, kamar farantan gilashi ko na tangaran da ake gani a turakun wutar NIGELEC. Galibi washa ce ta roba mai wuya, wuyan ya shiga cikin ramin don kada sandar ta gogi gefen ƙarfe.

Abin da ya bambanta shi da na turken wuta shi ne tafiya. Eriya mai tsawon mita 2 da rabi, idan iska ta buge ta ko ta kaɗa a hanyar burji mai gargada, duk ƙarfin yana sauka ne a gindinta. Tangaran yana tare wuta sosai, amma girgiza na fasa shi, shi ya sa aka koma ga roba.

Eriya biyu, buƙata biyu

Kafin a zaɓi roba sai an san irin eriyar. A zangon megahaz 144 zuwa 146, eriya mai rubu'in tsawon igiya ba ta wuce kimanin santimita 50 ba. Ba ta da nauyi, kuma ƙarfin wutar da ke gindinta kaɗan ne: ko da rediyon yana fitar da wat 100 a kan om 50, wajen volt 70 ne kawai. A nan kusan kowace roba mai ƙwari za ta yi.

A gajeren zango labari ya sha bamban. Rubu'in igiya a megahaz 7 ya kai mita 10, a megahaz 3.5 ya haura mita 20, ba kuwa motar da za ta ɗauki wannan. Sai a yi amfani da gajeriyar sanda, a cike giɓin da naɗin waya ko da akwatin daidaita eriya. Idan naɗin ko akwatin yana ƙasa da makari, wato wutar ta ratsa shi kafin ta iso gindin sanda, to da wat 100 ɗin nan dai ƙarfin wutar da ke kan makarin yakan kai dubban volt. A nan ne roba ke nuna halinta. Wadda ke shan wani kaso na sigina sai ta yi zafi ta yi laushi. Wadda ta yi siriri da yawa kuma tana barin sigina ya zurara zuwa jikin mota ko da ba ta huje ba, domin ƙarfe biyu da ke kusa da juna suna miƙa wa juna wutar rediyo ta cikin robar.

Ire-iren roba

Teflon, ko PTFE, ita ce sarauniya wajen tare wutar rediyo. Roy Plunkett na kamfanin DuPont a Amurka ne ya gano ta a 1938. Ba ta shan ruwa, rana ba ta cin ta, tana jure zafin digiri 260, kuma ita ce farar robar da ke cikin kawunan waya masu kyau. Aibinta laushi ne. In an ɗaure ta da noti, a hankali take baje wa ƙarƙashin matsi, bayan ƴan watanni sai a tarar eriya tana rawa. Ta dace da wuyan da ke cikin rami, ba ta dace da ɗaukar nauyi ita kaɗai ba.

Delrin, wadda ake kira asetal ko POM, DuPont ya fara sayar da ita a 1960. Tana da tauri, ba ta bajewa, ruwan da take sha bai kai kashi 1 cikin 100 ba, kuma masu injin sassaƙa ƙarfe suna jin daɗin aiki da ita don tana fita sumul. Ba ta kai Teflon tare wutar rediyo ba, amma ga mazaunin mota na yau da kullum ita ce ta fi haɗa ƙarfi da aminci. Farar ba ta son rana, baƙar ta fi daɗewa.

Nailan ita ce aka fi samu a mazaunai masu araha. Ƙarfi tana da shi, sai dai mashayiyar ruwa ce: nau'in 6/6 yana iya shan kusan kashi 8 cikin 100 na nauyinsa in ya jiƙa sosai. Da damina tana kumbura, tana ƙara cin sigina, da rani kuma in ta bushe ƙayau ta fi saurin tsagewa. Ga ƙaramar eriya babu laifi. Ga dubban volt, gara a nemi wata.

Sai foliyetilen mai tauri, HDPE, mai lamba 2 a cikin alamar kibiyoyi uku. A wajen tare wutar rediyo tana bin bayan Teflon kusa da kusa, wani nau'in foliyetilen ne kuma aka sa a wayoyin rada tun lokacin Yaƙin Duniya na Biyu. Farin allon yanka nama na roba, mai kaurin santimita 1 ko fiye, galibi da ita ake yin sa ko da ƴar'uwarta mai lamba 5, kuma ƴan sha'awa da dama da shi suke yanka makari. Tana narkewa a wajen digiri 130, tana ɗan bajewa, kuma farar tana ruɓewa a rana bayan shekaru. A ganin mai wannan rubutu, ga wanda ke Maraɗi, Damagaram ko Tawa, wannan allon shi ne mafita mafi kusa, in dai an sa faffaɗar washar ƙarfe ta raba matsin, ana kuma duba notin lokaci lokaci.

Allon zaren gilashi, G-10 ko FR-4, ya fi su duka ƙarfi, kuma shi ake so ga eriya mai nauyi. A rufe hanci in ana yanka shi, ƙurarsa ba ta da kyau ga huhu.

Abubuwan da suka fi kusa da hannu kuwa su suka fi ba da kunya. Robar tsohuwar taya, wadda muke ɗaure komai da ita, cike take da garin baƙin gawayi mai barin wuta ta wuce, haka ma baƙin tiyon injin mota. Tiyon ruwa na PVC, mai lamba 3, yana cin siginar rediyo, yana kuma fara laushi tun kafin digiri 80, alhali ƙarfen motar da ta wuni a ranar Afrilu ko Mayu yakan haura digiri 60. Robar bokiti da kujera da aka narke aka sake zubawa gauraye ce, kuma takan karye ba tare da gargaɗi ba.

Yadda ake gane su

Kofin ruwa ya isa gwajin farko. HDPE da mai lamba 5 suna tasowa sama, don sun fi ruwa sauƙi. Nailan, Delrin, PVC da Teflon duk suna nutsewa, Teflon kuma a hannu ma ana jin ta, nauyinta ya ninka na ruwa fiye da sau 2, ga santsi kamar sabulu. Wanda ke da injin ɗumama abinci na maikurowef zai iya sa guntun robar tare da kofin ruwa a gefe na minti 1. In robar ta fito da zafi, tana cin sigina. Gwaji ne na kimantawa, domin injin yana aiki a megahaz 2450, nesa da gajeren zango, amma yana tone robar da ba ta da kirki. Kada dai a sa wadda ke da ƙarfe a jikinta.

Bayan an ɗaura, a cire sandar eriya da rediyo, a auna da multimita tsakanin tsakiya da jikin mota: bai kamata ta nuna haɗuwa ba. Tsakanin ragar waya da ƙarfen mota kuwa dole ta nuna haɗuwa sosai, don haka ake kankare fenti a inda mazaunin ya zauna. Multimita ba ta fitar da fiye da ƴan volt, saboda haka ba ta ganin kowane aibi. Ma'aunin ROS, wanda wasu suka sani da SWR, shi ke faɗin sauran: in alluransa yana tsalle ko yana hawa a hankali lokacin da ake magana, a zargi makari.

Ƙura da raɓa

Busasshiyar iska mai tsabta tana tare kimanin volt 3000 a kowace milimita, amma wuta ba kasafai take huda roba ba, ta kan fuskarta take rarrafe. Ƙurar hunturu tana kwanciya a kan makari, ta haɗu da maiƙon inji, sannan raɓa ko ruwan farko ya jiƙa ta. Tartsatsi ɗaya ya isa ya bar siririn baƙin layi na ƙuna, kuma wannan layin gawayi ne, hanya ce da wuta za ta riƙa bi kullum. Shi ya sa makarin eriyar gajeren zango yake son faɗi da kauri, a bar santimita 2 ko 3 na roba tsakanin sanda da ƙarfe mafi kusa, a kuma goge kaifin bakin ramin. Wanke shi da ruwa da sabulu bayan doguwar tafiya ya wadatar. Wanda baƙin layi ya riga ya fito a kansa, ko fuskarsa ta yi fari tana zubar da gari, ba a gyara shi da gam ko salatif, sabo ake yankawa.